Juriyar Kwamfuta: A Harshe Za a Dasa Ta, ko a Hannun Magini?

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda ta'asar 'yan bindiga, kuma Dutsin-Ma da Kurfi suna cikinsu. Aka shafe watanni waya ba ta shiga ba ta fita. Masu POS suka rufe rumfuna, 'yan kasuwa suka koma yawo da tsabar kuɗi, mai saƙon gaggawa kuma sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake. A farkon 2023 canjin takardun naira ya tura kowa ga tiransifa, manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, har maganar "an cire kuɗin amma bai shiga ba" ta zama ruwan dare a kasuwanni. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta tsaya wa mutane da yawa a Najeriya. A watan Oktoba na shekarar kuma, lalacewar manyan layukan lantarki ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Abu ɗaya ne ya haɗa waɗannan lokuta huɗu. Duk wanda ya tura naira dubu biyar daga Kurfi zuwa ga ɗan'uwansa a Kano, kwamfutoci da yawa ne suke haɗa masa hannu: wayarsa, turken sabis, uwar garken bankinsa, na'urorin NIBSS da ke sada bankuna da juna, sannan uwar garken bankin mai karɓa. Aikin gayya ne, kowa da kunyar da yake nomewa. Inda ya bambanta da gayyar gona shi ne manoman ba sa ganin juna. Saƙo kawai suke aika wa juna, kuma idan ɗaya ya yi shiru, sauran ba su da hanyar sanin ko faɗuwa ya yi, ko jinkiri ya same shi, ko kuwa amsarsa ce ta ɓace a hanya. Babbar manhajar da ke tafiyar da irin wannan gayya, ta sa aikin ya ci gaba ko da wani ɓangare ya lalace, ita ce mai juriya.

Tun shekarun 1970 masana suka rabu biyu a kan inda ya kamata a dasa wannan juriya. Wasu suna ganin dole a ƙera harshen rubuta manhaja na musamman, wanda tun daga ƙa'idojinsa ya ɗauka cewa lalacewa tana nan tafe. Wasu kuma suna ganin harsunan da kowa ya sani sun wadatar, juriya aikin magini ce da kayan aikin da ya zaɓa. Muhawarar ta shafe mu kai tsaye. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana yaye masu karatun kimiyyar kwamfuta, kuma sabon manhajin karatu da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ta ga ya dace da yankinta. Abin da za a zuba a wannan gurbi ya danganta da ɓangaren da aka gamsu da hujjarsa.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta faro ne daga binciken da Jim Gray ya rubuta a 1985, lokacin yana aiki da kamfanin Tandem na Amurka, wanda tun 1976 yake ƙera kwamfutocin NonStop da bankuna da kasuwannin hannun jari ke dogaro da su. Gray ya bi rahotannin tsayawar na'urorin kamfanin, ya lura cewa yawancin kurakuran da ke saura a manhajar da aka gwada sosai masu wucewa ne. Suna bayyana idan abubuwa biyu suka yi karo a daidai wani ɗan lokaci, idan kuma aka sake aikin daga farko sai a neme su a rasa. Darasin da masu goyon baya suka ɗauka shi ne babu mai iya tsince kowane kuskure kafin manhaja ta fita. Abin da ya rage shi ne a tsara ta yadda ɓangaren da ya kuskure zai tsaya nan take, ɓarnarsa ta tsaya a kansa, wani ya ɗauki aikinsa.

Harshen da ya fi kowane bin wannan tafarki shi ne Erlang, wanda Joe Armstrong ya fara ƙerawa a 1986 a ɗakin binciken kamfanin Ericsson da ke Suwidin, tare da Robert Virding da Mike Williams. Buƙatarsu a fili take: na'urar haɗa kiran waya ba ta da ranar hutu. A Erlang ana farfasa aiki zuwa ƙananan ma'aikata dubbai, ko ma miliyoyi, kowane da ma'adanarsa, kuma babu mai iya sa hannu a ta ɗan'uwansa sai dai ya aika masa saƙo. Dabarar manomi ce da ke ba rumbunansa tazara, domin idan gara ta ci ɗaya ko wuta ta kama shi, sauran su tsira. Bayan haka kowane ma'aikaci yana da mai sa ido a kansa, mai sa idon ma yana da na sama da shi, kamar yadda mai unguwa ke ƙarƙashin dagaci, dagaci ke ƙarƙashin hakimi. Idan ma'aikaci ya gamu da abin da bai gane ba, ba ya lalube cikin duhu. Faɗuwa yake yi, labari ya kai ga mai sa ido, shi kuma ya tayar da sabo a madadinsa. Idan matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai a miƙa ta sama. Wannan ne masu harshen ke kira aƙidar "bar shi ya faɗi". Mai sa idon yana iya kasancewa a wata kwamfuta dabam, kuma ana iya sauya manhajar da sabuwa tana tsakiyar aiki ba tare da an kashe ta ba.

Sun ce gani ya kori ji. A 1998 Ericsson ta fitar da na'urar sadarwa mai suna AXD301, mai ɗauke da layukan Erlang fiye da miliyan ɗaya, kuma ta yi suna wajen daɗewa tana aiki ba tsayawa. Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin aljihun kowa. Uwar garken WhatsApp da Erlang aka gina ta. A 2012 kamfanin ya bayyana cewa kwamfuta ɗaya tak ta riƙe masu haɗi fiye da miliyan 2 a lokaci guda, kuma lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, injiniyoyi 32 ne ke kula da masu amfani miliyan 450. Masu goyon baya suna tambaya: a ƙasar da ƙwararrun injiniyoyi suka yi ƙaranci, kuma kuɗin sayen manyan na'urori ya yi wuya, wane makami ya fi wanda ke ba mutum talatin ƙarfin mutum dubu?

Abin da masu adawa ke cewa

Su kuma sun ce a juya a dubi tarihi baki ɗaya, a daina ɗaga tuta da misali ɗaya. Hanyar ƙera harshe na musamman cike take da kaburbura. A shekarun 1980 Barbara Liskov ta jagoranci ƙera Argus a jami'ar MIT, harshe mai zurfin tunani wanda ya sa aiki ko dai ya kammala gaba ɗaya ko ya warware gaba ɗaya kamar ba a fara ba. Liskov ta samu lambar yabo ta Turing ta 2008, amma Argus bai fita daga ɗakin bincike ya shiga kasuwa ba. A Amsterdam, Andrew Tanenbaum ya gina babbar manhajar Amoeba don kwamfutoci masu yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, Henri Bal kuma ya ƙera harshen Orca don irin wannan tsari. Yau ba kasafai ake jin su ba sai a ajin tarihi. Abin da ya rayu daga wannan aiki shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fara rubutawa a ƙarshen 1989 yana cikin masu aikin Amoeba, harshe na gama-gari da bai yi alƙawarin juriya ba. Haka Limbo da babbar manhajarsa Inferno, na ɗakunan binciken Bell, suka zo a tsakiyar shekarun 1990 suka wuce.

Ko Erlang ɗin ma, in ji su, gidansu ne ya fara juya masa baya. A 1998, shekarar da AXD301 ta fito, wani babban sashe na Ericsson ya hana amfani da shi a sababbin ayyuka, yana mai fifita harsunan da duniya ta sani, kuma a shekarar ne aka sake shi ga jama'a kyauta. Facebook ya gina sashen hirarsa da Erlang a 2008, daga baya ya sake rubuta shi da C++. Adadin da aka yi ta yaɗawa cewa tsayawar AXD301 a shekara ba ta kai ƙiftawar ido ba, masana da dama sun yi shakkar yadda aka auna shi. A ɗaya gefen kuma, manyan tsare-tsaren Google da Amazon da yawancin bankunan duniya a kan C da C++ da Java da Go suke tsaye. Juriyarsu daga kayan aiki take fitowa. Kafka, wadda LinkedIn ta saki a 2011, tana ajiye saƙonni a kwamfutoci da yawa don kada su ɓace. Kubernetes, wadda Google ta saki a 2014, tana lura da manhajoji, ta tayar da wadda ta mutu, ba tare da ta damu da harshen da aka rubuta ta da shi ba.

Sai hujjar da ta fi taɓa iyaye da ɗalibai. Matashin da ya kammala digiri a Dutsin-Ma aiki zai nema a Kano ko Abuja ko Legas, ko ya yi wa kamfanin waje aiki daga gida, kuma tallan aikin da zai gani yawancinsa na Java ne da Python da JavaScript. Ga kuma batun gyara. Duk wanda ya ga taraktar da aka shigo da ita daga ƙasar da ba a samun kayan gyaranta, tana ajiye ciyawa ta rufe ta, ya san abin da ake gudu. Asibiti ko ma'aikatar da ta gina tsarinta da harshen da mutum biyu kawai suka iya a duk jihar, ranar da suka samu wani aikin suka tafi, ranar tsarin ya zama maraya. A wurin masu adawa, wannan ma lalacewa ce, kuma babu mai sa ido a cikin manhaja da zai tayar da injiniyan da ya tafi.

Martanin masu goyon baya

Suka ce duk wannan ya ginu ne a kan zaton cewa magini ba ya mantuwa, alhali ɗan Adam ajizi ne. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ma'adana take, wato manhaja ta karanta ko ta rubuta a wurin da ba nata ba. Shekara guda bayan haka masu gina Chrome suka ba da kusan wannan adadi. Waɗannan kamfanoni ne masu ɗaukar fitattun injiniyoyin duniya, masu kayan gwaji iri-iri, amma C da C++ sun bar ƙofar a buɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ya sa manhajarsa ta karanta wurin da ba nata ba a can cikin zuciyar Windows, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka sume, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka. Wake ɗaya ya ɓata gari, saboda babu katanga tsakanin mai kuskure da sauran jama'a.

Harshen Rust, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2015, yana ƙin amincewa da yawancin irin wannan kuskure tun a teburin magini, kafin manhajar ta fara aiki. A ƙarshen 2022 masu kula da Linux, waɗanda suka shafe shekara talatin suna rubuta zuciyarta da C, suka buɗe wa Rust ƙofa. Masu goyon baya suna ganin wannan amsa ce daga bakin abokan hamayyarsu. Game da kaburbura kuwa, sun ce harsunan ne suka mutu, tunaninsu yana raye. Rob Pike, wanda ya yi aiki a kan Inferno, yana cikin mutum uku da suka ƙera Go, wanda Google ta fitar a 2009, kuma hanyar aika saƙonsa ta samo asali daga rubutun Tony Hoare na 1978. Harshen Elixir, wanda José Valim ya fitar a 2012, a kan injin Erlang yake tafiya da sutura mai sauƙin koyo. Kubernetes ita kanta aƙidar "bar shi ya faɗi" take bi, sai dai hannunta yana da nauyi. Idan mai ciniki ɗaya ya jawo matsalar da ta kayar da manhaja, dukan manhajar take tayarwa, duk wanda ke kanta a lokacin ya ji a jikinsa. Erlang kuwa ma'aikacin da ke hidimar wannan mutum ɗaya kawai yake sauyawa, sauran dubban ba su ma san an yi ba.

Martanin masu adawa

Suka ce harshe mai tsauri ba ya hana a gina abin da ba daidai ba da kyau. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou. Manhajarta da Ada aka rubuta, harshen da aka ƙera musamman don ayyukan da kuskure a cikinsu ke jawo asarar rai da dukiya. Na'urar gane alƙibla guda biyu ce a cikinta, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Amma manhaja ɗaya ce a cikinsu, wadda aka ɗauko daga Ariane 4, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa, dukansu biyu suka tsaya a kan kuskure guda. Tayarwa daga farko ma tana iya zama cutar. Ranar 15 ga Janairu, 1990, wata na'urar haɗa kira ta kamfanin AT&T a New York ta kashe kanta ta sake tashi kamar yadda aka tsara mata, amma saƙonnin dawowarta suka taɓo wani kuskure a maƙwabtanta, su ma suka faɗi suka tashi suka kayar da na gaba. Na'urori 114 suka yi ta kayar da juna har kusan awa tara.

Babbar hujjarsu ita ce akwai iyakar da babu harshen da zai tsallake. A 2000 Eric Brewer ya gabatar da wata ƙa'ida, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita da lissafi a 2002: idan hanya ta yanke tsakanin kwamfutoci biyu masu riƙe da bayani ɗaya, dole tsarin ya zaɓi ɗayan biyu, ko ya ƙi amsa buƙata har hanya ta dawo, ko ya amsa da sanin cewa littafin wannan zai iya saɓa wa na wancan. Ga mai POS a Dutsin-Ma ya nemi a cire kuɗi, banki ya cire, amsa ta ɓace a hanya. Idan na'urar ta sake aikawa, ana iya cire kuɗin sau biyu. Idan ba ta sake ba, mai kuɗi ya tafi hannu rabbana. Maganin shi ne a ba kowace mu'amala lamba tata, banki ya gane lambar idan ta dawo, a kuma yi lissafin daidaitawa daga baya. Wannan hukunci ne na wanda ya san harkar kuɗi. Tun 1984 Jerome Saltzer da David Reed da David Clark suka nuna cewa tabbacin isar saƙo daidai sai daga ƙarshen biyu na hanya, wato mai aikawa da mai karɓa, komai kyan abin da ke tsakani.

Suka ƙara da cewa binciken Gray da abokan hamayya ke kafa hujja da shi, nasu ne. A cikin abubuwan da suka tsayar da na'urorin Tandem, kashi 42 cikin ɗari daga hannun masu gudanarwa da masu gyara suka fito, manhaja kashi 25, lalacewar na'ura kashi 18. Shekara arba'in bayan haka labarin bai sauya ba. A watan Mayu na 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya gurɓata, saboda wani gyara da aka yi wa manhajar bai hau kan wasu uwayen garke yadda ya kamata ba. Babu harshen da zai tuna wa ma'aikaci abin da ya tsallake. Kuma lokacin da injiniyoyin Amazon suka so tabbatar da tsarinsu, ba su sauya harshen rubutu ba. Sun ɗauki TLA+, hanyar lissafi ta Leslie Lamport da ake gwada zanen tsari da ita kafin a gina, suka gano wani kuskure a tsarinsu na DynamoDB da sai an bi matakai 35 a jere yake fitowa.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka zuba hujjojin a faifai, za a ga ɓangarorin biyu sau da yawa ba a kan cuta ɗaya suke magana ba. Lalacewa iri uku ce. Ta farko ita ce kuskuren da ke cikin manhajar kanta. A nan masu goyon baya sun fi ƙarfi, domin adadin Microsoft da na Chrome da shigar Rust cikin Linux hujjoji ne masu nauyi, kuma abin da harshe ya haramta ba ya jiran magini ya tuna. Ko misalin AT&T bai rushe su ba, tunda mai sa ido a Erlang yana da iyakar sau nawa zai tayar da ma'aikaci cikin ƙayyadadden lokaci kafin ya miƙa lamarin sama. Ta uku ita ce kuskuren mutane da tsarin aikinsu, irin na JAMB da na masu ɗauko manhajar Ariane 4 ba tare da sun gwada ta a kan tafiyar sabuwar roka ba. A nan masu adawa ke da gaskiya, maganinta gwaji ne da horo da bin ƙa'ida. Ta biyu, wadda ke tsakiya, ita ce yankewar hanya da ɗaukewar wuta, kuma a kanta ne hukunci ya yi wuya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Stockholm ko Kalifoniya yankewar hanya baƙuwa ce mai zuwa jefi-jefi ta tafi cikin mintoci. A Dutsin-Ma da Kurfi 'yar gida ce, kuma 2021 ta nuna tana iya zama ta yi watanni. Erlang ma an ƙera shi ne don kwamfutocin da ke kusa da juna a kan waya mai kyau. Akwai darasi a aikin ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano, wadda lokacin annobar Ebola ta 2014 ta gina manhajojin bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Ma'aikaci yana shigar da bayani a wayarsa ko babu sabis, idan ya samu sabis sai wayar ta daidaita da uwar garke. Rumbun bayanan uwar garken, CouchDB, da Erlang aka rubuta shi. Wanda ke cikin wayar, PouchDB, da JavaScript aka rubuta shi. Kowane ɓangare yana iya cewa misalin nasa ne. Abin da ya sa aikin ya yi nasara shi ne an yanke shawara tun farko cewa rashin sabis shi ne al'ada, samunsa kuma dama ce.

Saboda haka hujja ta fi karkata ga cewa tunanin da ke cikin waɗannan harsuna ya fi harsunan kansu daraja: a raba rumbu, a bar mai kuskure ya faɗi da wuri, a sa mai sa ido, a ba kowace mu'amala lamba, a zaci saƙo zai ɓace. Amma wata tambaya tana nan a buɗe. Masu goyon baya suna cewa wannan tunani ba ya zama a kan ɗalibi sai ya yi wata da watanni cikin harshen da ya tilasta masa shi, kamar yadda ba a koyon iyo a tudu. Masu adawa suna cewa lokacin karatu kaɗan ne, gara a koyar da shi cikin harshen da zai ci abinci da shi. Bugu da ƙari, tun 2011 Marc Shapiro da abokan aikinsa suka fitar da nau'o'in bayanai masu iya haɗewa da kansu bayan rabuwa ba tare da saɓani ba, kuma har yanzu ana binciken yadda za a saka irinsu cikin ƙa'idojin harshe. Idan wannan ya nuna, rabon da harshe ke da shi a lalacewa ta biyu zai ƙaru, sikelin ya sake motsi.

Kafin lokacin, akwai abin da ɓangarorin biyu ba su saɓa a kansa ba, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Kira ga malaman kimiyyar kwamfuta a Dutsin-Ma da Katsina da sauran jami'o'inmu shi ne, a cikin kashi 30 da aka bar musu, su ware wuri ga juriya. Ranar da ɗalibin ajin ƙarshe zai gabatar da aikinsa, a zare wayar intanet yana tsakiyar nunawa, a kashe ɗaya daga cikin kwamfutocin, a kunna bayan minti goma, sannan a duba ko bayani ya ɓace ko an rubuta shi sau biyu. Wanda aikinsa ya tsallake wannan gwaji, ko da wane harshe ya rubuta shi, shi ne ya gina abin da mutanen Kurfi za su iya dogara da shi.